Malam Nasani da 'Yar Ɓoyo

Akwai wani mutum da ya shekara ashirin da shida yana aiki a lambun renon shuke-shuke na wata cibiyar bincike, har ya zama shi ne babban ma'aikacin wurin. Kowa Malam Nasani yake ce masa, kuma bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk wanda ya zo gaya masa wani abu, kafin ya kai tsakiyar magana sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani." In ka ce, "Malam, tiyon bayan rumfa..." sai ya ce ya sani. Ko tiyon fashewa ya yi, ko sace shi aka yi, ko maciji ne ya kwanta a kansa, oho, shi dai ya riga ya sani.

A ba shi haƙƙinsa, mutumin ya iya aiki. In ya yi wa mangwaro aure, wato ya haɗa reshen wani a jikin wani, da wuya ya ƙi kamawa. Da ɗan yatsa yake taɓa ƙasa ya gaya maka ko jiya ta sha ruwa ko shekaranjiya. To amma ya gaji. Gwiwoyinsa sun gaji da tsuguno, bayansa ya gaji da tura baro, ransa kuma ya gaji da shugabannin da ake kawo musu duk bayan shekara biyu, kowa da sabuwar dokarsa, kowa ya zo koya masa abin da yake yi tun suna firamare. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma ƙirga su yake yi. Matarsa takan ce kunnensa ya riga shi yin ritaya, gangar jikin ce kawai take zuwa aiki.

Ko a gida haka yake. Sai ya shigo da yamma matar ta tare shi ta ce, "Malam, famfon nan na tsakar gida..."

"Na sani."

"To me ya same shi?"

Sai ya ci gaba da cire takalmi. Ita kuwa ta yi dariya ta ce, "Allah Ya shirya min kai," ta je ta nemo mai gyara da kanta.

Wata Litinin da safe, damina tana ban kwana, wata 'yar motar ɗaukar kaya ta shigo lambun, duk jikinta taɓo. Dakta ce ta fito, ɗaya daga cikin masu binciken cibiyar, idanunta jajir don gajiya. Bayanta wani tsoho mai sana'ar zuma daga can kan tsaunuka ya sauko a hankali yana dafa ƙofa. A bayan motar akwai tukwane goma sha ɗaya, an lulluɓe su da jiƙaƙƙun buhuna.

Malam Nasani ya ɗaga buhu ɗaya ya leƙa. Ba wata babbar shuka ba ce. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, da dogayen ganye uku ko huɗu masu layi-layi, da kara ɗaya a tsakiya ɗauke da ƙananan furanni shunayya. Kowane fure yana da leɓe guda da ya zubo ƙasa, da ɗigo-ɗigon fari a kansa. Kyau kam akwai shi. Abin da bai yi masa ba shi ne ƙasar da ke cikin tukwanen: baƙa, ga tsakuwa, ga ruɓaɓɓen ganye, ga guntayen saiwar ciyawa, irin ƙasar da ba ya yarda a shigo masa da ita rumfa.

Dakta ta ce, "Malam, amana na kawo maka. Wannan furen a littafi dangin okid ne, amma irin wanda yake fitowa a ƙasa, ba a jikin bishiya ba. A kan tudu kaɗai yake rayuwa, inda ake sanyi. Shekara shida ina yawo a tsaunukan nan, a gangare ɗaya tak na same shi. To an ba kamfanin fasa dutse gangaren, jibi katafila za ta shiga. Kwana huɗu ni da Baba muna tono, waɗannan muka iya cetowa. In suka mutu, ban san inda zan nuna wa wani irinsu ba."

"Ba za su mutu a hannuna ba, ranki ya daɗe."

"Shi ya sa na kawo maka. Ka riƙe su zuwa farkon damina. Kafin nan Baba zai killace musu wuri a ɗaya gefen dutsen, kusa da amyoyinsa, saboda dabbobin kiwo. Ni gobe zan yi tafiyar karatu, wata shida. Bari in shiga ofis in sa hannu a takardu. Baba zai gaya maka yadda ake zama da su, ya fi ni saninsu nesa ba kusa ba."

Tsohon nan mai magana a hankali ne, irin wanda yake hutawa tsakanin kalma da kalma. Ya nemi wani bulo ya zauna, ya gyara hularsa, ya ce, "Ɗana, mu a can 'yar ɓoyo muke ce mata. Uwata ce ta fara nuna min ita, ina ɗan mitsitsi, muna hanyar ɗiban itace. Allah Ya ji ƙanta."

"Amin," in ji Malam Nasani, yana duban agogo. Dashen lemo ɗari uku suna jiransa a loda su, rana ta fara zafi, gwiwarsa ta hagu tana zogi.

"To dalilin sunan, idan ruwa ya ɗauke, ka ga ganyen nan ya soma yin rawaya..."

"Na sani, Baba."

Tsoho ya dakata, ya dube shi. "To madalla. Ita kuma ƙasar cikin tukwanen, in ka lura za ka ga wani fari-fari..."

"Na sani, Baba, na sani. Shekara ashirin da shida hannuna yana cikin ƙasa."

Tsohon bai ji haushi ba. Mutumin kirki ne, ya ɗauka da gaske ake. Ya ce, "Kai, alhamdu lillahi. Ashe a hannun masani suka faɗo. Ka hutar da ni." Ya rufe bakinsa. Da Dakta ta fito ta tambaya ko Baba ya yi bayani, Malam Nasani ya ce ya yi. Ta ba shi lambar wayar da za ta riƙe a can, ta ce ko wane lokaci ya kira in wani abu ya shige masa duhu. Suka tafi.

Duk abin nan a kan kunnen Iya Mai Buta aka yi shi, wata dattijuwa da ta shekara goma sha tara tana ban-ruwa a lambun. Da mota ta fita ta ce, "Shugaba, me tsohon nan ya ce a yi idan ganyen ya yi rawaya?"

"Abin da ake yi mana."

"Ni dai ban ji ya faɗa ba."

"Iya, je ki ba lemo ruwa."

Aka jera tukwanen a kan teburin katako a ƙuryar rumfar raga, inda ya fi sanyi. Sati uku komai lafiya. Furanni suka kaɗe, wannan ba abin damuwa ba ne. Sai ruwan sama ya ɗauke, ganye ya soma yin rawaya daga baki. Malam Nasani ya tuna rabin maganar tsoho, ya ƙarasa masa ita a zuciyarsa: idan ganye ya yi rawaya, a ƙara ruwa. Me kuma zai ce in ba haka ba? Ya sa Iya ta riƙa ba su safe da yamma.

Bayan kwana goma Iya ta ce, "Shugaba, tukwanen nan fa ba sa shan ruwan. Kwanciya yake yi a sama."

"Na sani. Ci gaba."

Ganyen ya ci gaba da bushewa, har ya kwanta ya zama kamar tsohuwar igiya. Wata bai cika ba da fara rawayar sai ga tukwane goma sha ɗaya babu ko tsinke a cikinsu. Ranar nan manajan cibiyar ya zo zagaye da wasu baƙi, ya tsaya a gaban teburin ya ce, "Malam Nasani, nan kuma me aka shuka? Ƙasa?" Baƙi suka yi dariya. Wasa manaja yake yi, ya wuce ya manta. Shi kuwa Malam Nasani maganar ta yi masa zafi. A gaban baƙi! Shi da ko sanda ya kafa a lambun nan sai ta yi toho.

Washegari tun da sassafe ya ɗauko ƙaramin shebur ya tona tukunya ɗaya. A tsakiya ya tarar da wasu 'yan ƙullutai biyu kamar ƙananan dankali, da tauri, lafiyarsu lau. Amma a kewayensu, cikin baƙar ƙasar, ga wani farin abu zare-zare ya bi ko'ina, har ya manne a jikin saiwoyin.

"Yawwa! Ga ɓarawon," in ji shi. "Funfuna! Ashe abin da tsohon nan yake son ya gargaɗe ni a kai ke nan."

Duk mai lambu ya san funfuna ba abokiyar zama ba ce. Ta taɓa cinye masa dashen gwanda ɗari biyu a sati guda, kuma bai manta ba. Ya sa aka kawo masa babban baho, ya jiƙa maganin feshi a ciki. Ya ɗauko rariya ya tankaɗe ƙasarsa mafi kyau, ya gauraya ta da takin dabbobi da ɗan na zamani, ta yi laushi kamar gari.

Iya ta ajiye butarta ta zo ta tsaya a kansa. "Shugaba, don Allah ka kira Dakta tukuna."

"In ce mata me? In tambaye ta yadda ake kashe funfuna? Lokacin da na fara aikin nan ko igiyar takalmi ba ta iya ɗaurawa ba."

"To ai ita ta kwaso su da ƙasar. Da ba ta so, da a leda za ta zubo su, ta hutar da bayanta."

"Gaggawa suke yi, katafila na bayansu."

"To ka bar biyu yadda suke. Ko ɗaya. In naka ya yi, sai ka ƙarasa."

"In bar cuta kusa da masu lafiya? Iya, ke ruwa aka ce ki bayar, ba shawara ba."

Iya ta ɗauki butarta. Ta ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Shugaba. Ni dai na faɗa."

Kuma wallahi ya yi aiki ran nan, ba a ce ya yi ha'inci ba. Ya juye tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke kowane ƙullutu da tsohon buroshin haƙori har ya yi fes, ya tsoma shi a magani, ya shanya a inuwa. Ya wanke tukwanen da ruwan zafi, ya cika su da sabuwar ƙasa, ya mayar da kowa ɗakinsa. Ita kuwa ƙasar dutse, ya loda ta a baro sawu uku, ya kai ramin da suke ƙona shuke-shuke masu cuta, ya tula mata busasshen ganye ya cinna wuta. Sai la'asar sakaliya ya miƙe, bayansa kamar zai rabe biyu.

Da ya koma gida matarsa tana shafa masa man zafi ya ba ta labari, yana jin daɗin kansa. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ita mai furen ta ce a yi haka?"

"Ba sai ta ce ba."

"Malam, ko zanen wata na karɓa ajiya, ba na wanke shi sai na tambaye ta ko yana zuba."

"Na sani."

"Uhm," in ji ta, ta rufe kwalbar.

Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo wayarsa daga Dakta: "Sannu da ƙoƙari, Malam. Yaya 'yan amanata? Sun yi barci?"

Ya karanta sau uku yana tsaye a bakin rumfa. Barci? Wane irin barci? Ya tuna tsoho bai ƙarasa faɗin dalilin sunan ba, kuma ya tuna wanda ya hana shi ƙarasawa. A nan ne fa Allah Ya ba shi dama ta ƙarshe. Da ya kira a lokacin, ƙila da an tsayar da ruwa, ƙila da an tono wani abu daga gefen ramin da wuta ba ta ci ba. Ya danno lambar, ya tsaya yana kallonta. In ya tambaya yanzu, dole ya faɗi abin da ya yi, dole kuma a gane cewa ran nan bai sani ba. Ya ce a ransa wasa ne irin na 'yan boko, masu yi wa shuka magana kamar jarirai. Ya rubuta, "Lafiya lau, ranki ya daɗe," ya mayar da wayar aljihu.

Aka ci gaba da ban-ruwa safe da yamma. Sabuwar ƙasar mai laushi ce, tana riƙe ruwa ba ta saki.

Wata biyu bayan haka Iya ce ta fara jin warin. Ta kira shi ta nuna masa tukunya ta uku da baki. Ya tura yatsa. Abin da ya taɓo ya narke a hannunsa kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Ya tona ta huɗu, haka. Ta biyar, haka. Bakwai ya samu sun lalace a ranar.

"Tsayar da ruwan, Iya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ya kwashe huɗun da suka rage ya kai ɗan ofishinsa, ya jera a kan tebur kusa da taga. Kullum da safe su yake fara dubawa kafin ya cire hula. Ya canza musu ƙasa, ya yanke inda ya fara baƙi, ya barbaɗa toka. Duk dabarar da ya tara a shekara ashirin da shida sai da ya gwada. Uku suka bi 'yan uwansu cikin sati biyu. Ta ƙarshe ta daɗe tana ba shi rai, wata guda cur, har ya fara cin abinci sosai. Ranar wata Laraba ya taɓa ta ya ji ta yi laushi. Ya zauna a kujera ya daɗe bai motsa ba, ga baƙin ciki ga kunya, ga wata irin gajiya da bai taɓa jin irinta ba. Duk da haka bai kira ba. A da girman kai ne ya hana shi, yanzu kuma tsoro.

Ruwan farko ya sauka, lambu ya yi kore shar. A tukwane goma sha ɗayan nan ma, da aka sake jerawa a teburin rumfa, an sami tsiro, amma ciyawa ce da ta biyo takin dabbobi.

Dakta ta dawo ranar wata Talata. Ko gida ba ta tsaya ta huta sosai ba, ta shigo rumfa da fara'arta tana cewa, "Ina suke? Sun farka?" Ta tsaya a gaban teburin. Ta dubi ciyawar. Ta ɗebi ƙasar ta murza, ta kai hanci.

"Malam, wannan ba ƙasarsu ba ce."

"Na canza musu. Funfuna ce ta kama waccan."

"Ina ƙasar?"

"Na... na ƙona ta."

"Su kuma fa?"

Ya girgiza kai kawai.

Ya zaci za ta yi faɗa, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai ta jawo wani bokiti ta kife, ta zauna a kai, ta dafe goshi. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Malam, wannan farin abin da ka gani, shi ne rabin ransu. Da shi suke cin abinci a ƙasa. Ƙwayar irinsu ma ba ta tsirowa sai ta same shi. Shi ya sa muka yi ta ɗaukar tukwane masu nauyi a ka muna saukowa da su daga dutse. Kuma ganyen da ya bushe ba mutuwa ba ce. Duk rani haka suke yi, su shige ƙasa su kwanta, ba sa son ko ɗigon ruwa sai damina. Da ka tura su ƙarƙashin tebur ka manta da su wata shida, da yau duk suna nan. Baba bai gaya maka ba?"

Iya tana gefe, ta sunkuyar da kai tana kallon butarta. Ba ta tona shi ba. Shi ya tona kansa.

"Ya fara gaya min. Ni na tare shi."

Dakta ta ɗago kai. Sannan ta ce, "Ni ma da laifina, da na rubuta maka a takarda. Na ga kamar raini ne in rubuta wa babba irinka." Ta miƙe tana kakkaɓe rigarta. "Baba ba shi da waya. Tun da rani yake aikin wurin, jibi yake sa ran ganinmu. Ba zan iya kallon idonsa ni kaɗai ba. Tare za mu je, kuma kai za ka gaya masa."

Ranar Alhamis suka kama hanya da sassafe, bayan motar fayau. Awa uku suka yi suna hawa. A wata kwana Dakta ta rage gudu ta nuna masa da hannu ta ce, "Can ne." Ya duba. Babu gangare. Wani farin rami ne wawakeke, injina suna ta ruri, manyan motoci suna fita da tsakuwa a jere. Ko ciyawa ɗaya bai hango ba.

Inda hanyar mota ta ƙare suka taka da ƙafa. Hawan ya ci gwiwoyin Malam Nasani, sau huɗu yana tsayawa yana haki. Can suka hango tsoho a bakin wani shinge, yana ɗaga musu hannu. Ya jera duwatsu har ƙugu ya kewaye wani fili a ƙarƙashin bishiyoyi, inda rana take shigowa kaɗan-kaɗan. Dutse ɗaya-ɗaya ya ɗauko su, mutumin da ya haura saba'in. A cikin filin ga ramuka goma sha ɗaya, kowanne daidai faɗin tukunya, an share bakinsa tsaf.

"Maraba, maraba! Sannunku da hanya. 'Yata, an dawo lafiya? Ɗana, yaya aiki?" Yana gaisuwa yana leƙen bayansu. "Suna mota ne? Bari in kira maƙwabta su taya mu ɗauka."

"Baba, zauna," in ji Malam Nasani. "Magana ce da ni."

Ya faɗa masa duka, bai rage ba: ruwan, da wankin, da wutar, da saƙon da ya amsa da ƙarya. Tsoho ya saurara har ƙarshe yana kallon ramukan. Da aka gama ya ce, "Duka?"

"Duka, Baba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Tsoho ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar. "Inna lillahi. To. Haka Allah Ya so." Sannan ya ce, "Amma ɗana, maganar ba ta da tsawo fa. Ba ta kai a sha kofin shayi ba. Na san ina da jan magana, 'ya'yana ma suna faɗa. Da ka ɗan daure min."

Malam Nasani ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "Ka yafe ni, Baba."

"Na yafe. Ni me ka yi min? Ni na gan ta, shekara saba'in ina ganinta." Ya miƙe da ƙyar ya ɗauko fartanyarsa da ke jingine da shinge. "Jikata ce dai. Da rani aka kawo ta wurinmu, na yi ta ba ta labari, ta ce bana sai na nuna mata. Yanzu sai dai in kwatanta mata da baki. Kuma launin nan, ni ban san abin da zan ce yana kama da shi ba."

Ya nufi ramin farko zai fara turawa, ya ce kada wani ya karye a ciki. Malam Nasani ya riƙe ƙotar fartanyar.

"Kawo, Baba. Ni ya kamata."

Tsoho ya sakar masa. Dakta ta juya baya tana share ido da gefen mayafinta. Malam Nasani ya sunkuya da bayan nan nasa mai ciwo, ya mayar da ƙasa a ramin farko ya daddanne da ƙafa, ya wuce na biyu. Ba wanda ya taya shi, shi ma bai nema ba. Sai da rana ta take tsaka ya rufe na goma sha ɗaya.

Mai karatu, darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Malam Nasani ba mugu ba ne, ba malalaci ba ne, kuma ba jahili ba ne. Saninsa ne ya rufe masa kunne, har ya riƙa ƙarasa wa mutane maganarsu da abin da ke kansa. Duk yawan shekarunka a kan aiki, akwai abin da bai taɓa biyowa ta hannunka ba, kuma mai gaya maka shi yana iya zama tsoho mai jan magana, ko wadda kake ganin ban-ruwa kaɗai ta iya. In ana yi maka bayani, ka bari a kai ƙarshe ko da ka gaji. In aka ba ka amana, kada ka sauya mata komai sai ka tambayi mai ita. In kuma ka ga alamar ka yi kuskure, ka faɗa tun ana iya gyarawa. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, amma akwai ɓarnar da in an yi ta, ba mai iya mayar da abin da ya tafi.